Wanda Ba Zai Iya Rama Maka Ba

Karatu: Luka 14:12-14, Yahaya 9:1-7, 1 Korantiyawa 12:21-26

Kafin ka shiga wannan darasi, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan uku a natse. In kuna tare a ƙungiya, sai mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su saurara.

Kowa ya san al'adar biki a ƙasarmu. Mace ta kai wa ƙawarta jika biyu ranar suna, ƙawar ta karɓa da godiya, ta kuwa riƙe lissafin a zuciya, gama ranar da ɗayar za ta aurar da 'yarta sai an mayar mata, har da ƙari. Ba laifi ba ne. Da haka talaka yake fita kunya. Ko haihuwa ma da wannan ido muke dubanta: muna wahala da yaro yau, muna sa rai wata rana shi zai riƙe mu, ya yi mana noma, ya kai mu asibiti, ya binne mu.

A Luka 14 Yesu yana cin abinci a gidan wani babba cikin Farisiyawa, sai ya taɓa wannan lissafi. Ya gaya wa mai gidan ya daina tsayawa kan gayyatar waɗanda za su gayyace shi su ma, ya kira matalauta da naƙasassu da guragu da makafi. Dalilin da ya bayar shi ne abin lura: albarkar tana cikin rashin iyawarsu su rama. Da yawanmu muna karanta wannan kamar maganar sadaka ce ta rana ɗaya. Amma akwai gidaje, a kowane gari da kowace ikilisiya, da Allah ya zaunar da irin wannan baƙo a tabarmarsu, safe da yamma, shekara da shekaru. Ina nufin gidajen da suke da ɗa ko 'ya wanda hankalinsa bai girma tare da jikinsa ba. Darasinmu na yau a kan mutanen gidan ne: me ƙaunar irin wannan mutum take yi wa mai ƙaunar?

Autanmu

Ba daga nesa nake wannan magana ba. An haifi autanmu a wani ƙauye gabas da Maraɗi, bayan Inna ta kwana biyu tana naƙuda. Da ƙyar aka sami amalanken shanu aka kai ta asibiti. Yaron ya fito bai yi kuka da wuri ba. Bai zauna ba sai da ya shekara 2, bai taka ba sai yana da 5. Yau ya wuce shekara 30, kalmomin da yake faɗa ba su fi yatsun hannu ba, kuma har yanzu sai an taya shi wanka.

Na girme shi da shekara 9. Da ma a ce zan iya gaya muku na ƙaunace shi tun farko, amma ƙarya ba ta da kyau a bakin mai bi. Kunyarsa nake ji. In abokaina na makaranta za su zo, nakan tura shi ɗakin Inna in ja ƙofa. Wata rana ya yayyage littafin rubutuna ana gobe jarrabawa, na kama shi na yi masa dukan da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Da magariba ina zaune a zaure, ya zo ya sa mini guntun ƙuli-ƙuli a hannu, ya zauna a gefena yana kaɗa kai kamar yadda ya saba. Ban sani ba ko gafarta mini ya yi, ko kuwa ya manta. Abin da na sani shi ne, ni da nake zuwa makarantar Lahadi, nake haddace ayoyi, a ranar na ga abin da yake cikin zuciyata, ban kuwa ji daɗin ganinsa ba.

Wa ya yi zunubi?

Kafin gida ya iya ƙaunar irin wannan yaro a sake, sai ya sauke wani kaya tukuna, wato kayan zargi. A Yahaya 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, nan da nan suka fara neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Mu ma haka muke. Wasu su ce uwar ta fita da tsakar rana ko da almuru tana da ciki. Wasu su ce kishiya ce, ko uban ya ba da hankalin ɗansa don ya sami dukiya. Wasu su ce ai wannan ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne, a kai shi bakin gulbi ya koma wurin danginsa. Wata tsohuwa ta taɓa ba Inna wannan shawara, cikin tausayi a ganinta. Masu bi kuma suna da nasu salon: sai ka ji an ce akwai zunubin da ba a tuba ba a gidan.

Yesu ya ƙi amsoshin nan biyu da almajirai suka kawo. Bai ɗora laifi a kan kowa ba. Ilimin da Allah ya ba masu aikin lafiya kuma ya bayyana mana yawancin abin da kakanninmu ba su gane ba. In naƙuda ta yi tsawo, jariri yakan rasa isasshen numfashi, ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni. Shawara mai tsanani a kwanakin farko, wadda take sa ido da fatar jariri su yi ɗorawa, takan yi haka in ba a yi magani da sauri ba. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai kai yaro ga suma sukan bar tabo a ƙwaƙwalwa. Rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki, wanda yake kawo maƙoƙo, yakan hana hankalin ɗanta girma, shi ya sa ake sa shi a gishiri. Akwai kuma yanayin da ake kira da sunan likita Down, wanda ya bayyana shi a Ingila a 1866. Sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano dalilinsa: a ƙwayoyin jikin kowane mutum akwai ɗaurin gado 46, su kuwa waɗannan yara suna da 47. Tun ranar da ciki ya shiga abin yake faruwa, a kowace kabila ta duniya, ba don wani abin da uwa ta ci ko ta taka ba. Wasu yanayin, kamar wanda ake kira galahanga, da yake sa yaro ya kasa magana ko cuɗanya da mutane, har yanzu ana binciken tushensu.

Saboda haka mai ciki ta je awo, a kai jariri asibiti in idonsa ya canja, a yi wa yara allurar rigakafi. Farfaɗiya kuma, wadda take yawan tafiya tare da waɗannan yanayi, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, tana kuma da magani a asibiti. Mai bi da ya san wannan ya gaya wa maƙwabcinsa.

To, amma ga wuri mai wuya. Makahon nan na Yahaya 9 ya wanke idonsa a Siluwam ya komo yana gani. Mu mun yi addu'a, mun yi azumi, fastoci sun ɗora wa autanmu hannu, yana nan yadda yake. Yesu ya nuna cewa rayuwar mutumin nan wuri ce da aikin Allah zai bayyana. Ina aikin Allah yake a gidan da ba a sami warkarwa ba? Na daɗe da wannan tambaya. Amsar da na samu ba cikakkiya ba ce, amma ga ta: wani sashi na aikin a cikinmu aka yi shi, mu da muke kewaye da shi. Sai dai a yi hankali a nan. Allah bai halicci ƙanena don ya zama allon da za a koya mini karatu a kai ba. Mutum ne cikin siffar Allah, kamar yadda Farawa 1:27 ta koya mana a kan kowane ɗan adam, yana da abin da yake so da abin da yake ƙi, yana da ranakun fushi da na dariya. Ko da ban koyi kome daga gare shi ba, darajarsa tana nan.

Abin da ƙaunar take yi

Abu na fari, tana tone mutum. Wanda bai taɓa zama sa'a guda yana ba babban mutum fura a baki ba, ana zubarwa yana sakewa, zai iya ɗauka shi mai haƙuri ne. Mutane sukan wuce su ce wa Inna, sai haƙuri. Faɗarsa ba wuya. Na ga Inna ta wanke tabarma da zane sau uku a dare ɗaya. Na ji ta a bayan ɗaki tana yi wa Allah magana da muryar da ba a yin addu'a da ita a majami'a. Ta taɓa gaya mini, bayan na girma, cewa akwai daren da ta roƙi Allah ya ɗauke ɗaya daga cikinsu, ko ita ko shi, ta kuma yi shekaru tana jin nauyin wannan roƙo. 'Yar'uwa, in ke ma kin taɓa yin irin wannan addu'a, ki karanta Zabura 88 da Littafin Ƙidaya 11, ki ga yadda bayin Allah, har da Musa, suka yi kuka sa'ad da kaya ya fi ƙarfinsu. Allah bai kore su ba. Gajiya ba rashin ƙauna ba ce.

Bayan tonon sai gini, shi kuwa a hankali yake tafiya. Wanda yake zaune da marar magana dole ya koyi ji da ido. Inna takan san auta yana ciwon ciki daga yadda ya riƙe kofi. Wannan idon bai tsaya a gida ba. A zumuntar mata, ita ce take fara gane matar da ta zo da murmushi alhali ba ta ci abinci ba tun jiya, ko amaryar da ake duka a ɓoye. Ba ta yi makaranta ba, ba ta taɓa riƙe muƙami a ikilisiya ba, amma zaurenmu bai rabu da mata masu zuwa neman shawara ba. Autan da ake ce mata ta kai bakin gulbi, shi ya koya mata.

Kada mu ɗauka abin yana faruwa da kansa. Rana ɗaya ce take narkar da man shanu ta kuma busar da laka. Baba mutumin kirki ne, dattijon ikilisiya, amma ya yi shekaru ba ya iya duban yaron nan ido da ido. Yakan fita kasuwa da sassafe, ba ya komowa sai an yi barci. Bai taɓa dukansa ba, bai kuma taɓa ɗaukarsa ba. Na san gidajen da maigida ya saki matar, da waɗanda aka ɗaure yaro da igiya a turke kamar akuya, da waɗanda aka mai da shi jarin bara. Wahala ɗaya ce, amma kowa da inda ta kai shi. Bambancin da na gani shi ne ko mutum ya kawo ɓacin ransa a gaban Allah da 'yan'uwa, ko kuwa ya rufe shi a ciki ya bar shi ya ruɓe.

Baba ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki a ƙarshen kwanakinsa, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Mu masu lafiya kowa yana da uzuri: gona, aiki, yara. Masu gaisuwa sukan zauna kaɗan, shirun ya dame su, su tashi. Auta ne kaɗai shiru bai dame shi ba. Yakan wuni a gefen gadon da mafici yana korar ƙuda. Wata rana na shiga na tarar Baba ya riƙe hannunsa da hannun nan mai lafiya, hawaye yana bin kuncinsa. Ban kawo wannan don in ce auta ya rama ba, gama bai san akwai bashi ba, balle ya biya. Na kawo shi ne domin a ɗakin nan na fara fahimtar 1 Korantiyawa 12, inda Bulus ya koyar cewa gaɓoɓin da muke gani kamar raunana ne, jiki ba ya iya yi sai da su. Dā ina tsammani Bulus yana lallashin raunana ne kawai.

Malamin jami'a da saurayi marar magana

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. Henri Nouwen limamin Katolika ne, mutumin Holan, an haife shi a 1932. Ya koyar a manyan jami'o'in Amurka, Yale da Harvard, ya rubuta littattafai da yawa a kan addu'a da rayuwar ruhaniya. A 1986 ya koma zama a wani gida kusa da Toronto a Kanada, na ƙungiyar L'Arche, inda masu raunin hankali da masu taimakonsu suke zama tare kamar iyali. Aka ba shi aikin shirya wani saurayi mai suna Adam kowace safiya. Adam ba ya magana, ba ya tafiya sai an riƙe shi, yana kuma fama da farfaɗiya. Tashe shi, da wanka, da aski, da sa tufafi, da karin kumallo, sukan ci wajen sa'a biyu.

Da fari malamin yana jin tsoro, yana kuma gaggawa don ya gama ya koma ga abin da yake ɗauka shi ne ainihin aikinsa. Har wani abokinsa da ya ziyarce shi ya ji haushi, yana ganin mai ilimi irinsa yana ɓata lokaci. Daga baya Nouwen ya shaida cewa Adam ya zama abokinsa da malaminsa. Mutumin da ya saba a auna shi da yawan littattafansa da masu sauraronsa, ya sami kansa a gaban wanda bai san Harvard ba, bai kuma damu ba. A nan ya gane a jikinsa abin da ya daɗe yana wa'azinsa da baki, cewa Allah yana ƙaunar mutum tun bai yi kome ba. Adam ya rasu a watan Fabrairu na 1996, Nouwen kuma ya bi shi a watan Satumba na shekarar.

Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Dukanmu mun yarda cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta wurin ayyuka ba, kamar yadda Afisawa 2 ta koyar. Amma a ɓoye muna yi wa Allah lissafin biki: na ba da zaka, na yi azumi, ban fasa sujada ba, saura nawa. Sai ranar da ka ga kanka kana ƙaunar wanda ba zai taɓa kawo maka ko dala ba, ba zai ɗaukaka sunan gidanku ba, amma in ya yi zazzaɓi ba ka iya barci, ran nan za ka fara gane yadda Uba yake dubanka. Me ka taɓa rama masa?

Sai dai in ƙara gargaɗi ɗaya. Jean Vanier, wanda ya kafa ƙungiyar nan a Faransa a 1964, duniya ta ɗauke shi kamar waliyyi. Bayan rasuwarsa, a 2020, ƙungiyar da kanta ta bayyana sakamakon bincike cewa ya ci zarafin wasu mata da suka zo wurinsa neman shawarar ruhaniya. Zama kusa da raunana ba ya wanke zuciya. Mai wannan hidima yana bukatar tuba da masu tsauta masa kamar kowa.

Tambayar Inna

Inna ta tsufa yanzu. Tambaya ɗaya take yi mini duk sa'ad da na je gida: in na mutu, wa zai riƙe shi? Na ce mata ni ne, matata ma ta yarda, ba kuwa ƙaramin abu ta yarda da shi ba. Amma akwai iyaye da yawa da ba su da wanda zai ba su wannan amsa, suna kuwa zaune a benci ɗaya da mu ranar Lahadi. Wasunsu ma sun daina zuwa, domin ranar da yaron ya yi ihu a tsakiyar wa'azi, wani mai tsaron ƙofa ya ce a fita da shi.

Bulus bai rubuta 1 Korantiyawa 12 ga iyali ɗaya ba, ga ikilisiya ya rubuta. Kayan da ya kamata jiki duka ya ɗauka, mun bar wa mace ɗaya. Ba sai da kuɗi za a fara ba. Mata biyu daga zumunta su karɓi yaron rana ɗaya a mako, uwar ta je kasuwa, ko ta yi barci kawai. A gaishe shi da sunansa, a ba shi hannu, a daina tambayar uwarsa lafiyarsa alhali yana tsaye a wurin. Wanda zai iya wani aiki a ba shi. Autanmu shi yake jera bencina ranar Asabar da yamma, kuma kaiton wanda ya taɓa su bayan ya gama. Iyaye su hana 'ya'yansu bin irin waɗannan da jifa da waƙar tsokana. A sa ido ƙwarai a kan 'yan mata masu wannan yanayi, gama miyagu sun san ba za su iya faɗar abin da aka yi musu ba.

A kuma yi hankali da masu yawo suna cewa in an ba da kaza za su fitar da aljanin, in abin bai yiwu ba su ce bangaskiyar uwar ce ta gaza. Muna gaskata Allah yana warkarwa, ba mu kuwa daina roƙo ba. Amma Bulus ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙayarsa, ba a ɗauke ba (2 Korantiyawa 12:7-10), ba wanda ya isa ya ce Bulus ba shi da bangaskiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A garinku, me ake cewa ya jawo haihuwar yaro mai raunin hankali? Yaya za ka amsa daga Yahaya 9?
2. Akwai iyalin da suka daina zuwa sujada saboda ɗansu? Wa zai je ya gaishe su a wannan mako?
3. Kai da kake renon irin wannan mutum, wa kake gaya wa gaskiyar gajiyarka?

Addu'a

Ya Uba, kai ka sifanta kowannenmu a cikin uwarsa, ba ka kuwa yi kuskure da kowa ba. Ka gafarta mana ƙofofin da muka rufe don kunya, da hannun da muka ɗaga cikin fushi. Ka ba uwayen da ba su yi barci jiya ba hutawa yau. Ka komo da zuciyar ubannin da suka yi nisa. Ka tsare 'yan matan da ba su da bakin kai ƙara. Tsofaffin da suke tambaya wa zai riƙe ɗansu bayansu, ka ba su amsa daga cikinmu. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.